Hanta da Zuciya: Waiwaye Kan Damuwar Masu Ƙeƙashewar Hanta a Ƙasar Zuru

Duk wanda aka haifa a ƙasar Zuru kafin 2004, daga Dabai zuwa Mahuta, daga Ribah zuwa Dirin Daji, bai samu allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai na gwamnati ba, domin sai a wannan shekarar ta shiga jadawalin rigakafin Nijeriya a aikace. Waɗannan mutane su ne magidanta da iyayen gida na yau: manoma, sojoji, malaman makaranta, mata masu sana'a a kasuwa. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, kashi 1.1 kuma suna da nau'in C. Mafi yawansu ba su sani ba. Wasu daga cikinsu, bayan ƙwayar ta shekara 20 ko 30 tana ɓarna a ɓoye, hantarsu za ta cika da tabo, ta taurare, ta motse, kamar gonar da ta koma fako. Wannan ita ce ƙeƙashewar hanta, wadda likitoci ke kira sirosis.

Alamunta na jiki sanannu ne ga duk wanda ya taɓa jinya: ido ya yi rawaya, ciki ya tara ruwa, ƙafafu su kumbura, kafaɗu su zube, wani lokaci a yi aman jini. Akwai kuma abin da hoton ciki da gwajin jini ba sa nunawa. Mutum ya daina sha'awar hira da abinci da gona. Ya kwana ido biyu yana lissafin bashi da makomar 'ya'ya. Da zarar zuciyarsa ta tashi gabansa ya faɗi, ko jinin ne ya dawo. Ilimin likitanci ya yi doguwar tafiya kafin ya yarda cewa wannan ma ciwo ne mai buƙatar magani, kuma tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. An fara da haɗa hanta da zuciya wuri guda, aka raba su, yanzu kuma ana faman sake haɗa su.

Zamanin da ba a raba su ba

Likitocin Girka na dā, musamman Jalinusu wanda ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya, sun ɗauka cewa a hanta abinci ke nuna ya zama jini, kuma lafiya ta dogara ne da daidaiton abubuwa huɗu: jini, da majina, da safra'u, da sauda'u. Idan sauda'u ya yi yawa har saifa ta kasa shanye shi, a faɗarsu, tururinsa kan hau kai ya jefa mutum cikin baƙin ciki da tsoro marar dalili. Likitocin Musulunci sun gaji wannan fahimta suka faɗaɗa ta. Wajen shekara ta 900, Ishaƙ bin Imran, mutumin Bagadaza da ya yi aiki a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, ya rubuta littafi sukutum kan ciwon baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya bambanta ɓacin ran da ke da sanannen dalili, irin na rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai daga wata matsala ta jiki. Ibn Sina ya kammala al-Ƙanun a 1025, shi ma a kan wannan turba.

Irin wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu, ya rubuta Masalihul Insan kan gyaran addini da gyaran jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce da dama kan magani, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir. Bayanin magabata kan sauda'u bai tabbata ba, babu wani baƙin ruwa da ke tashi daga saifa zuwa ƙwaƙwalwa. Sai dai sun riƙe wani abu da na baya suka saki: ba sa duba cikin mutum su ƙyale ransa.

A tsaunukan Zuru, inda Lelna, wato Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari ke zaune, kowace al'umma tana da masu maganinta da sanin itatuwanta. Shawara ciwo ce da kowa ya sani, saiwar rawaya kuma ta daɗe cikin jiƙe-jiƙen da ake ba mai ita a faɗin Arewa. Amma idan shawara ta wuce, ciki ya ci gaba da girma, mutum yana ramewa yana surutai, sai bayani ya koma wani wuri: sammu ne, jifa ne, an ba shi wani abu ya ci. Wannan bayani yana da amfaninsa a wancan zamani, domin yakan tara dangi a kan majinyaci, ba a barinsa shi kaɗai. Yana kuma da tsadarsa. Zargi kan faɗa kan kishiya ko ɗan'uwa ko abokin rikicin gona, majinyaci ya ƙare kwanakinsa yana tsoron mutanen gidansu. Askar da aka yi masa tsaga da ita a ciki, ita za a ɗora wa wani gobe. Jiƙon da aka yi ta ɗura masa, hantar da ta riga ta gaji ce za ta yi aikin tace shi.

Rabuwa

A 1819 likitan Faransa René Laennec ya bayyana kamannin hantar da ta ƙeƙashe, kuma daga wajensa sunan ciwon ya samo asali. A Turai ta wancan ƙarni, yawancin masu wannan ciwo mashaya giya ne, don haka aka ɗaura shi da kwalba, ɗaurin da har yau bai gama kwancewa ba. Daga nan likitanci ya shiga rarrabuwa gida-gida. Hanta ta zama rabon likitan ciki, hankali ya zama rabon gidan mahaukata.

Da wannan rabo Turawan mulki suka zo. An buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, na Yaba a Legas a 1907, aka yi doka a 1916 wadda aka sabunta a 1958. Manufar dokar tsarewa ce, ba warkarwa ba. A Arewa, wanda hankalinsa ya gushe har ya zama barazana, sau da yawa gidan yarin En'e ne masaukinsa. Wanda kuwa ya yi shiru a ɗaki yana kuka a zuci, babu shi a lissafi. A 1953 J. C. Carothers, likitan Turawan mulki a Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto da ya ƙarfafa ra'ayin cewa ciwon damuwa ba kasafai yake kama Baƙar fata ba. Ɗan Nijeriya ne ya taimaka wajen rushe wannan zance. Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro a Abekuta a 1954, inda majinyata ke zama cikin ƙauye tare da danginsu ana yi musu magani. Binciken da ya yi da masanan Jami'ar Cornell, wanda ya fito a 1963, ya nuna damuwa da fargaba suna nan jingim a ƙauyukan Yarbawa, illa dai mutane sun fi faɗarsu da bakin jiki: zafin kai, nauyin ƙirji, kasala, rashin barci.

A ɓangaren hanta kuma, Sheila Sherlock da abokan aikinta a Landan sun bayyana a 1954 yadda gubar da ke fitowa daga hanji, wadda amoniya ke kan gaba a cikinta, kan tsallake hantar da ta lalace ta isa ƙwaƙwalwa. Mutum ya rikice, barcinsa ya juye, hannunsa ya riƙa kaɗawa idan ya miƙe shi, daga ƙarshe ya suma. A 1966 aka gano cewa laktulos, ruwan zaƙi mai sassauta ciki, yana rage wannan guba. Ci gaba ne babba, amma ya zo da wata makanta. Duk canjin hali da aka gani ga mai ciwon hanta sai a ce gubar ce, a ƙara masa laktulos. Ba a cika tsayawa a tambaya ba ko mutumin hankalinsa garau yake, bege ne ya ƙare masa.

A ƙasar Zuru ta wancan lokaci, ɗakunan shan magani na En'e da na mishan, da asibitin mishan na Tungan Magajiya da ke kan hanyar Rijau, fama suke da zazzaɓi da kuturta da gyambo da naƙuda. Mai kumburin ciki, in ya samu a zuƙe masa ruwa ya samu sauƙin numfashi, an yi masa iyakar abin da ake iya yi.

Gano ƙwayar, da sabuwar fargaba

A 1965 Baruch Blumberg ya wallafa gano wani sinadari a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, wanda daga baya ya tabbata ɓawon ƙwayar ciwon hanta nau'in B ne. An ba shi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce yanzu Ranar Ciwon Hanta ta Duniya. Tun kafin nan, a 1960, mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa ta kai ga gano afalatoksin, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. Idan wannan guba ta haɗu da ƙwayar B a jiki guda, haɗarin dajin hanta kan ninka.

Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da aka gina wannan ilimi. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci irin su Y. M. Fakunle da Brian Greenwood da Hilton Whittle sun yi nazarin cututtukan yankin, har da na hanta. Greenwood da Whittle sun koma Gambiya, ƙasar da aka fara gagarumin gwajin yi wa jarirai rigakafin nau'in B a 1986. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sa allurar cikin rigakafin yara. Nijeriya ta ɗauki shekara 12 kafin ta cika wannan, sannan a 2012 aka haɗa ta cikin allurar nan mai kare cututtuka biyar. Nau'in C kuma an gano shi a 1989.

Abin da binciken Afirka ta Yamma ya tabbatar ya isa ya wanke mutane da yawa daga zargi. Yawancin masu ɗauke da nau'in B a nan sun kamu ne tun suna ƙanana, daga uwa wajen haihuwa, ko daga wasu yara ta ƙuraje da raunuka, ko ta aska da allurar da aka yi wa mutum fiye da ɗaya amfani da su. Jaririn da ya kamu, 9 cikin 10 ƙwayar za ta zauna masa har girma, babban da ya kamu kuwa bai kai 1 cikin 20 ba. Ma'ana, magidancin da ke kwance yau da kumburin ciki, galibi tun bai san hagu da dama ba ya ɗauki ciwonsa. Amma a gari irin Zuru, inda burkutu sananne ne a wasu unguwanni da lokutan bukukuwa, bakin mutane ya fi saurin zuwa kan ƙwarya. Gaskiya ne giya tana ƙeƙasar da hanta, tana kuma gaggauta ɓarnar ƙwayar cuta, kuma mai damuwa kan ƙara sha don ya manta. To amma wanda bai taɓa kurɓa ba yana ɗaukar kunyar abin da bai aikata ba, wanda ya sha kuma gori ba ya raba shi da sha, sai dai ya raba shi da asibiti.

Gwajin jini da ya yi arha ya haifar da wata irin fargaba da kakanninmu ba su sani ba, ta mutumin da ke jin kansa lafiya lau amma takarda ta ce yana da ciwo. Zuru gari ne na sojoji, kusan kowane gida yana da wanda ya sa kaki ko mai burin sawa. Saurayin da aka tsame daga layi a gwajin lafiya na ɗaukar aiki, ko wanda ya rasa bizar aiki a ƙasashen Larabawa, kan dawo gida da labarin da ba wanda ya yi masa bayaninsa. Haka budurwar da aka fasa aurenta bayan gwaji. Jihar Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024, har da na ciwon hanta, masallatai da coci-coci a wurare da dama kuma sun riga sun saba neman takardar. Gwajin abu ne mai kyau. Matsalar ita ce sakamakon da ba nasiha tare da shi. Sai ka ga an ware wa mutum kwano da moɗa, ana gudun zufarsa, alhali ƙwayar ba ta bin cin abinci tare ko musafaha, kuma abokin zaman da ba shi da ita allura uku sun isa su kare shi.

Darasin intaferon

Abin mamaki, magani ne ya tilasta wa likitocin hanta komawa ga zancen zuciya. A farkon shekarun 1990 aka fara yi wa masu nau'in B da C allurar intaferon, sinadarin da jiki da kansa ke fitarwa idan yana yaƙi da ƙwayar cuta. Sai aka ga kusan 1 cikin 4 na masu karɓarta don nau'in C suna faɗawa cikin ciwon damuwa sosai, har da waɗanda ba su taɓa yin sa ba. Wannan ya nuna a fili cewa sinadaran kumburi da ke yawo a jini suna iya danne walwalar mutum kai tsaye, ba sai ya ji mummunan labari ba. Hantar da ta ƙeƙashe kuwa kullum cikin irin wannan kumburi jiki yake.

A daidai wannan zamani aka samu ma'aunai masu sauƙi. A 1983 Zigmond da Snaith suka fitar da tambayoyi 14 na auna damuwa da fargaba ga masu jinyar ciwon jiki. A 2001 Kroenke da abokan aikinsa suka tabbatar da ingancin wasu tambayoyi 9 da ma'aikacin lafiya zai iya yi cikin 'yan mintuna. Da aka fara aunawa, sai adadi ya fito. Wani bincike da Ruben Hernaez da Fasiha Kanwal da abokan aikinsu suka wallafa a 2022, kan masu ƙeƙashewar hanta fiye da 1,000 a Amurka, ya samu kusan 1 cikin 6 da ciwon damuwa mai tsanani, fiye da 4 cikin 10 kuma da fargaba mai yawa. Wannan a ƙasar da ake dashen hanta ke nan, aikin da Thomas Starzl ya fara cin nasararsa tun 1967.

Dalilan a jere suke. Akwai kumburin jini da aka ambata. Akwai ƙaiƙayin da ke hana barci, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa da dare, da zubewar tsoka, da raunin kusantar iyali wanda ba mai iya faɗa. Akwai miyar da aka rage wa gishiri da dunƙule har ta fita a rai. Sama da duka akwai rashin tabbas: yau da sauƙi, jibi ciki ya sake cika. Damuwar kuma ba ta tsayawa a zuci. Wanda ya fid da rai shi ne ke barin shan magani, ya ƙi cin abinci, ya daina zuwa ganin likita, sai an kwaso shi ranga-ranga.

Nauyin da Zuru ta ƙara

A al'adar Lelna, saurayi kan yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, bikin Uhola kuma na godiyar amfanin gona ne da nuna ƙarfin matasa. A inda ake auna namiji da abin da damtsensa ya noma, wanda ya kasa ɗaga garma yana ɗan shekara 35 ba lafiya kaɗai ya rasa ba, har da matsayinsa a tsakar gida. Mace kuma da ciki ya kumbura ba juna biyu ba, ga tsegumi, ga tsoron a mayar da ita gidansu jinya.

Sai kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Babban asibitin Zuru, mai ɗauke da sunan Martha Bamaiyi, shi ne matakin farko. Ganin ƙwararren likitan hanta, ko leƙa maƙogwaro da na'ura don ɗaure jijiyoyin da ke zubar da jini, yana nufin tafiyar sa'o'i ta Mahuta da Koko zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko a bi ta Rijau da Kontagora a nufi Zariya. Babban asibitin ƙwaƙwalwa kuma yana Kware ko Barnawa a Kaduna. Kowace tafiya buhun dawa ne ko akuya. Dashen hanta sai mai halin zuwa Indiya ko Masar. A kan wannan aka ɗora rashin tsaro. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, ƙauyuka da dama a Danko-Wasagu sun watse, gonaki sun kwana ba shuka. Wanda ya baro rumbunsa ya rakuɓe a gidan dangi a cikin gari, da me zai sayi maganin wata-wata?

Duk da haka, shiga ɗakin jinya ka ji gaisuwa. "Sannu Baba, ya jiki?" "Da sauƙi, mun gode Allah." An rufe magana. An hore mu da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma mai yawan kuka da ciwo ana ganin ya gaza tawakkali. Matar da ke jinya ita ma tana cikin nata hali: ita ce mai kwana zaune, mai wanke jini, mai fita neman rance, kuma ba wanda ke tambayarta nata barcin.

Abubuwa biyu da ake cakuɗawa

Babban haɗari a yau shi ne rikita ciwon damuwa da hawan gubar hanta zuwa ƙwaƙwalwa. Mai gubar hanta yakan yi barci da rana ya farka da dare, ya manta ranar da ake ciki, ya kasa ƙirga canji, ya yi abin da bai saba ba, kuma sau da yawa abin kan biyo bayan taurin bayan gida, ko zubar jini a ciki, ko zazzaɓi. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake kai shi a ranar. Mai ciwon damuwa kuwa ya san inda yake, ya san kowa, amma mako biyu ko fiye ba abin da ke faranta masa, yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyali. Mutum guda na iya haɗa biyun. A gida kuma duka biyun ana iya kiransu iska, a tafi neman mai ruƙiyya ko mai addu'a a bar asibiti.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne a je kemis a sayo maganin barci. Dayazefam da danginsa, da taramol da kodin, suna iya tura mai ƙeƙasasshiyar hanta cikin suman da ba zai farfaɗo ba. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen suna jawo zubar jini da lalacewar ƙoda. Magungunan damuwa na asibiti suna aiki, amma likita ne zai zaɓa, ya fara da kaɗan, domin hanta ce ke narkar da su, wasunsu suna ƙara haɗarin zubar jini, wasu kuma sam ba a ba mai ciwon hanta. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ba a yi masa tsawa a wuce. A zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari da makami daga kusa, a kai shi ga ma'aikacin lafiya.

Inda aka iso

A takarda, Nijeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko tun 1991. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane damuwa su kuma yi maganinta. A farkon 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200. Lissafin ya nuna ba daga Kware maganin damuwar mutumin Bena ko Wasagu zai fito ba. Daga bakin nas da malamin asibitin da ke zuƙe masa ruwa zai fito.

Kuma yanzu suna da labari mai daɗi da za su faɗa, wanda na shekarun 1970 ba su da shi. Tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, an amince da shi don nau'in B a 2008. Wani bincike da ya fito a 2013 ya nuna cewa bayan shekara 5 ana shan sa, kusan 3 cikin 4 na waɗanda suka fara da ƙeƙasasshiyar hanta tabonsu ya ragu har sun fita daga wannan mataki. Nau'in C, tun zuwan sofosbubir a 2013, ana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 cikin mako 12. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa fama da shi, ta gwada mutanenta miliyoyi daga 2018, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida tana kan hanyar kawar da shi. Jihar Nasarawa ta ɗauki irin wannan alkawari a 2020. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara maganin nau'in B don ya kai ga mutane da yawa. Wanda ya bar giya ma, hantarsa kan daina lalacewa, wani lokaci ta farfaɗo. Rabin fargabar mai ciwon hanta daga zaton an yanke masa hukuncin kisa take, kuma bayani na gaskiya cikin harshen da yake ji, Hausa ko C'lela, yana rage ta.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da shawara da rama suka canza ba ta ba da labari daidai. Sai an tambayi baki. Tambayoyi biyu ne masana suka tace daga cikin taran nan na su Kroenke: a mako biyun da suka wuce, ko ransa ya yawaita ɓaci da fid da tsammani, kuma ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba jin daɗinsu. Ba sa buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Abin da ya rage wa hukumomin lafiya na jihar Kebbi, inda Zuru take, shi ne su sa su cikin katin kowane mai ciwon hanta, a yi wa mai jinyarsa su ita ma, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu kan abin da za su yi da amsar, a kuma sa tenofobir da gwaje-gwajensa cikin abin da inshorar lafiya ta jiha ke biya. Limamai da fastoci, waɗanda su ake fara kira kafin likita, su san alamun da ke cewa a tafi asibiti yau, su kuma faɗa a kan mumbari cewa damuwa ciwo ce ba raunin imani ba. Ungozomomi kuma, tunda yawancin haihuwa a karkarar Kebbi a gida ake yi, su tabbatar an kai jariri ya karɓi allurar farko cikin sa'o'i 24, domin ita ce ke tare ƙwayar kafin ta zauna.